Kafin Zamanin "Slm, Ykk"

Mu da muka yi firamare kafin wayar hannu ta shigo, ba mu san rubutu a matsayin abin da ake yi a tsaitsaye ba. Sai an zauna, an nemi takarda mai layi, an gwada biro a gefen littafi. Daga Ka Koyi Karatu aka fara da mu, aka wuce Ka Ƙara Karatu, kafin a miƙa mana Magana Jari Ce. Ranar shifta kuwa ajin kan yi tsit. Malam na zagayawa da littafi a hannu yana faɗa a hankali, mu kuma muna rubutawa. Idan ka haɗe "ya ce" ka mai da shi kalma guda, ko ka bar ƙ ba lanƙwasa, jan biro ne zai bi ta kai, ka sake rubuta layin har sai hannunka ya saba.

A unguwa ma akwai masu duba mu. Duk yaron da aka ce ya iya boko, shi ne magatakardan layinsu. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu takan leƙo ta ce, "Ɗan nan, zo ka rubuta mini takarda zuwa ga yayanka da ke Ikko." In shimfiɗa takarda a bayan faranti, in fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, sannan saƙo ya biyo. In na gama sai ta ce, "To karanta mini in ji." Ita ko bihim ba ta sani ba a boko, amma kunnenta ba ya barin jimla gurguwa ta wuce. "A'a, ba haka na ce ba, gyara." Haka zan yi ta gyarawa ina cewa "To, Inna," har sai maganar ta zauna, sannan a liƙa kan sarki a kai gidan waya. Ko katin Zaɓi Sonka za ka aika Rediyon Kaduna sai ka tsantsara shi, don ka san da bakin wani za a karanta shi duniya na ji.

Wannan tarbiyya tana da tushe. Tun gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, Rupert East da abokan aikinsa a Zariya suke ta faman daidaita yadda za a rubuta Hausa da boko. Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, Abubakar Imam na editanta, sai ta zama ma'auni: yadda ta rubuta kalma, haka malamai ke koyarwa. Hukumar Harshen Hausa ta zo a 1955, aka kuma yi taron Bamako a 1966 kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da namu. Mutane sun ci shekaru suna muhawara a kan inda za a raba kalma da inda za a haɗe ta, domin Bakano da Basakkwace da mutumin Damagaram su karanta shafi ɗaya su fahimci abu ɗaya.

Wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001, da saƙon tes mai haruffa 160 kacal, in ka haura a caje ka kuɗin biyu. Dole ta sa aka fara datse kalmomi: lafiya ta koma "lfy", na gode ta koma "ngd". Maɓallan wayar ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai wasu suka ari q, ƙasa ta zama "qasa", wasu kuma don gayu suka mai da zan "xan". Wannan uzuri ne mai kama hankali a lokacinsa. Sai dai uzurin ya tafi, ɗabi'ar ta zauna. Yau WhatsApp ba ya ƙirga maka haruffa, Gboard kuma na da haruffan Hausa cif, amma ga sanarwar rasuwa ba aya ba waƙafi, ga littafin soyayya sukutum ana rabawa shafi-shafi babu wanda ya duba shi ko sau ɗaya. Har ka ga mai digiri ya rubuta "baki sun zo" yana nufin baƙi.

Ba na cewa yaran yanzu ba su kai mu basira ba. Sun ma fi mu yawan rubutu nesa ba kusa ba, kuma Hausa ba ta taɓa samun marubuta da yawa irin na yau ba. Abin da suka rasa shi ne mai cewa "karanta mini in ji". Mu mun samu malami da edita da tsohuwar unguwa, su kuwa tsakanin yatsa da tura saƙo ba kowa. Laifin kuma har da namu, don mu da aka koya wa ƙa'ida mun ga kuskure mun yi shiru, wai kada a ce mun cika iyayi. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba. Idan ƙaninka ya aiko maka saƙo a hargitse, ka amsa masa da cikakkiyar Hausa, ka nuna masa inda lanƙwasa take a wayarsa.