Aikin Mataimakin Koci

Duk yaron da ka tambaya a Safana ko Batsari abin da yake son zama a harkar ƙwallo, amsarsa ba ta wuce biyu: ko ɗan wasan gaba mai zura ƙwallaye, ko babban koci mai tsayawa bakin layi yana ba da umarni. Ban taɓa jin wanda ya ce mataimakin koci yake son zama ba. Ni kuwa, ƙannena, shekara biyu ke nan ina wannan aiki. Duk lokacin da muka samu hutu daga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ina komawa tsohuwar makarantarmu a Safana in taimaka wa malamin wasanni.

Bari in fara ba ku labarin wani da ya bi wannan hanya har ta kai shi nesa. Manu Garba ɗan Gombe ne, tsohon ɗan wasan El-Kanemi Warriors ta Maiduguri. A shekarar 2007, lokacin da Najeriya ta ci Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu, bayan ta doke Sifaniya a bugun fanareti, sunan da kowa ya riƙe shi ne na babban koci Yemi Tella, wanda ya rasu makonni kaɗan bayan dawowarsu gida. Manu yana cikin mataimakansa. Sai bayan shekara shida, a 2013, shi ma ya jagoranci yaran zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a matsayin babban koci. Suka ci Meziko 3-0 a wasan ƙarshe, kyaftin Musa Muhammed ɗan Kano ya jefa ta uku, aka zaɓi Kelechi Iheanacho gwarzon gasar. Ɗaya daga cikin mataimakan Manu a lokacin shi ne Emmanuel Amunike. A 2015 Amunike ya karɓi ragama, ya ɗauko kofin a Chile, inda Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10. Kofuna biyu a jere ke nan, kuma duk wanda ya ɗauko ya fara zama na biyu a benci.

Me mutum yake koya a wannan kujera? Abin da na gani a filinmu zan faɗa. Malam ne yake tsara wasa, ya zaɓi sha ɗayan farko. Ni nake zuwa da wuri in ja layi da toka, in hura ƙwallayenmu biyu, in ɗebo ruwa a jarka. Ni nake riƙe littafin suna. Da yake tazarar shekaruna da yaran ba ta da yawa, abin da ba za su iya gaya wa Malam ba ni suke gaya wa: wanda bai karya ba, wanda takalminsa na aro ne, wanda yake ɓoye ciwon gwiwa don kada a ajiye shi. In za mu je wasa Batsari, ni nake bi gida gida neman izinin iyaye, in ƙirga kawuna wajen shiga mota, in sake ƙirgawa wajen dawowa. Kowa ya san halin da yankinmu yake ciki, dole mu iso gida kafin magariba ko da an tashi kunnen doki ana son ƙarin lokaci.

Littafin sunan nan shi ya fi komai nauyi. Dokar Malam ita ce, wanda bai shiga aji ba ba zai shiga fili ba. A hutun bara na lura mai tsaron ragarmu ya yi kwana huɗu bai zo ba. Danginsu sun taso ne daga wani ƙauye kusa da dajin Rugu, sun bar gona da dabbobi, suna zaune a ɗaki biyu na haya. Na tarar yaron ya koma tura kurar ruwa. Da yamma na je na durƙusa gaban mahaifinsa, muka gaisa. Na ce, "Baba, alfarma na zo nema. A bar mana shi da safe ya je makaranta, bayan azahar ya yi ruwansa, atisaye kuma sau biyu kawai a mako." Dattijon ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Yaro, ƙwallo ba ta cika tukunya. Amma tunda karatu ka sa a gaba, je ka, na ji." Yaron ya dawo. Ba kullum yake samun zuwa ba, amma sunansa yana cikin masu zana jarrabawa bana.

Ranar da muka ci wasa, Malam ake ɗagawa sama, kuma ya cancanta, don in an ci mu shi ake zagi. Wannan ma gata ne ga mataimaki: yana koyon aiki a inuwar wani, kafin ranar ta faɗo kansa. Yanzu na san yadda ake gaya wa yaro ba zai buga ba ba tare da an karya masa zuciya ba, na kuma san lokacin da ya kamata in kawo shawara da lokacin da ya kamata in yi shiru.

A kowace makaranta akwai ɗalibin da yake fahimtar wasa fiye da yadda ƙafarsa take iya bugawa. In kai ne, ko ke ce, don 'yan mata ma suna da wasanninsu, kada a tsaya bayan raga ana kallo kawai. A je wurin malamin wasanni ranar Litinin a ce masa, "Malam, a ba ni littafin suna in riƙe."