Kwana Biyu A Walewale, A Ɗakin Mai Hoto

A cikin hunturun bana Allah ya nufe ni da zuwa Walewale wajen sunan ɗan ƙanwata. Daga Tamale mota ta bi da mu ta Savelugu, muka ƙetare gadar Nasia, muka sauka a tasha kafin azahar, ƙura ta yi mana fari fat. Wanda ya san garin ya san mararraba ce, domin nan hanyar Gambaga da Nalerigu ta rabu da babbar hanyar Bolgatanga. Amma ba zancen hanya zan yi muku ba, zancen wani hoto ne da na riƙo cikin jakata.

Hoton mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, kuma shi kaɗai gare mu. An ɗauke shi a Salaga lokacin da yake shirin tafiya aikin Hajji. Babbar rigarsa ta fito fes, har aikin allura na wuyanta ana iya gani, rawani ma ya fito, amma fuskar baƙi ƙirin, ba ido ba hanci. Jikokinsa sukan tambaye ni yaya kamanninsa suke, sai in rasa abin da zan nuna musu.

Washegarin suna aka kai ni wajen wani dattijo mai hoto a bayan kasuwa. Ɗakin ƙarami ne, da benci guda, da kujera mai hannu, da labule mai zanen gidan sama da jirgi. Irin wannan labule ne ya ɗaukaka sunan Philip Kwame Apagya, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Shama a 1982, har aka nuna aikinsa a Turai da Amurka. Na miƙa hoton na ce, "Baba, ko za a iya fito mini da fuskar nan?" Ya juya shi wajen taga, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Ɗana, abin da haske bai taɓa ba, ba ya cikin takarda."

To, a nan ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya ce kyamara takan auna hasken da ke gabanta duka ta raba tsakani. In mutum baƙi ya sa farar riga, farin ya fi yawa, sai ta rage hasken domin kada rigar ta ƙone, fuskar kuwa ta nutse. Maganinsa shi ne mai hoto ya matso ya auna hasken a kan kumatu, ya bar rigar ta ji da kanta. Ya ce kuma rana tsaka aka ɗauki Baba, ga alama nan, inuwar rawani ta sauko ta rufe idanu. Da an shigar da shi zaure, an zaunar da shi gefen ƙofa yadda haske zai zo masa daga gefe guda, aka sa yaro ya riƙe farin zane a ɗaya gefen domin ya mayar da hasken, da yau jikokinsa sun san shi.

Ni kuma na tuna da abin da na karanta, cewa shekaru da yawa katin da kamfanin Kodak yake rabawa domin daidaita launi wajen wanke hoto, hoton Baturiya ne a jikinsa. Ke nan kayan aikin ba da fatarmu aka gwada su ba, masu hotonmu da basirarsu suka gyara. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurinsa a 1948, a tsakar gida ya yi yawancin aikinsa da hasken rana, kuma har yau in ka dubi hotunansa sai ka ga fatar mutane tana sheƙi kamar ka taɓa.

Muna cikin haka sai ga wata baiwar Allah da 'yarta, za a aika da hoton yarinyar Kumasi wajen dangin wanda zai aure ta. Na koma gefe ina kallo. Da farko ya ba ta ƙyalle ya ce ta goge goshi da karan hanci, domin man kaɗe in ya gamu da filashi sai ya yi walƙiya kamar madubi. Filashin ma bai haska mata shi a fuska ba, bango fari ya nufa da shi, hasken ya dawo a tausashe. Ya janyo kujerar taku biyu daga labule saboda kada inuwarta ta manne a baya kamar wani mutum na biyu. Ya ce, "Ɗiyata, juya kafaɗa wajen taga, fuska kuma wajena. Sauke haɓa kaɗan." Ya roƙi uwar ta ja mata mayafin baya da kamar yatsa biyu. Yarinyar duk kunya ta kama ta, sai ya tambaye ta ko ta iya tuwo, ta yi dariya, kafin dariyar ta gama sauka ya danna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsayin kyamara. Ya ce daidai idon mutum ake ajiye ta. In ka ɗauko daga ƙasa, ramin hanci za ka nuna. In ka ɗauko daga sama, ka mayar da babba yaro. Dattijo in yana zaune, shi mai hoton ne zai durƙusa, kuma a ganina wannan ladabi ne kafin ya zama sana'a. Ya ce a Yendi lokacin Damba, mai batakari ba ya yarda a ɗauke shi sai ya zauna ya buɗe ƙafafu an baza rigar a kan gwiwoyi, hular ma yadda ya karya ta haka za a bar ta, domin karyawar magana ce. Mutanen Bawku kuwa, a da da keke ko rediyo suke zuwa a ɗauke su tare.

Yanzu ciniki ya ja baya, kowa da wayarsa. Ba na ƙin waya, amma samarinmu suna kai ta dab da fuska, hanci ya kumbura, kunnuwa su ɓace. Dattijon ya ce a ja da baya taku uku, a tsayar da mutum a inuwa yana fuskantar haske, da safe ko bayan la'asar. Hazon hunturu ma, in ji shi, taimako ne, domin yana tace rana.

Kafin in tafi ya ce in zauna. Na ce ban yi shiri ba, rigata duk ƙura. Ya ce, "Mahaifinka ya yi shiri, ga abin da ya samu." Na zauna, ya gyara mini hula, ya durƙusa. Da na kai hoton Salaga, Inna ta riƙe shi a bakin ƙofa ta daɗe shiru, sa'an nan ta kira jikokin ta nuna musu goshina da idanuna, ta ce to ga na kakanku nan, hancin ne kawai na wajenta.