Gyara ko Sauyi: Yini Guda da Kafintocin Jirgi a Bakin Binuwai

Duk yaron da ya tashi a unguwar Pumpumre ya san hanyar babban masallaci, ya san ta kasuwa, amma kaɗan ne daga cikin yaranmu na yanzu suka taɓa sauka bakin kogi su ga abin da ake yi a can. Wannan ne ya sa a wani hutu na bazara muka kwashi waɗansu 'yan ajinmu muka nufi Binuwai da sassafe, tun kafin ranar Garwa ta buɗe ido. A irin wannan lokaci ruwa ya ja baya, yashi ya fito fili, masunta da 'yan fito kuwa sun jawo jiragensu tudu sun kife domin gyara.

Kafin mu isa wurin kafintoci sai da muka tsaya a tsohuwar tashar jiragen ruwa muka yi wa yaran bayani. A zamanin iyayenmu, idan damina ta yi nisa kogi ya cika, manyan jirage sukan taso daga bakin teku a Nijeriya, su biyo ta Lokoja da Makurɗi da Yola har su iso Garwa. Su sauke gishiri da siminti da man fetur, su ɗauki auduga da gyaɗa. Hausawa da yawa a garin nan ta wannan ciniki kakanninsu suka zauna. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya tsinke zirga-zirgar, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974 ya janye kaya, sa'an nan madatsar ruwa ta Lagdo da aka gama a 1982 ta sauya cikar kogin. Manyan jirage sun daina zuwa. Abin da ya rage shi ne kwale-kwale, kuma shi ne yake ɗaukar mutane da kifi da buhunan hatsi har gobe.

A gindin wata bishiya muka tarar da wani dattijo da yaransa biyu suna kan wani jirgi da aka kife. Muka yi sallama muka gaisa. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne, bai taɓa zarto ba tukuna. Ƙaramar guduma ce a hannunsa, yana bin katakon ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya kasa kunne. Inda ya ji ƙara tas sai ya wuce. Inda ya ji ta dushe sai ya soka ƙusa, in ta shige kamar cikin ɓawon kabewa ya yi alama da gawayi.

Muka ce, "Baba, me ake nema haka?"

Ya ce, "Malam, kowane katako sai an tambaye shi, gyara yake so ko sauyi. Wanda rana ta ƙona samansa kawai, a kankare shi ya koma aiki. Wanda ruwa ya ci cikinsa, ko an shafe shi da kwalta gwangwani guda, ranar da kogi ya cika zai tona asiri."

Muka zauna muka ga yadda aikin yake tafiya. Da farko a ƙwaƙule tsohuwar kwalta da tsumman da ke tsakanin katako da katako. A zare ƙusoshin da suka yi tsatsa, domin a ramin ƙusa ruɓa take farawa. Katakon da ya mutu a ɓamɓare shi, a ɗora shi kan sabo a zana siffarsa, a yanka, a daidaita gefensa da gizago har ya zauna daram. Daga nan a tusa sabon tsumma a tsagin, a narka kwalta a bi ta kai. Ya ce wahalar ba ta aikin ba ce, ta mai jirgi ce, wanda kullum yake roƙon a lallaɓa masa ya ƙara damina ɗaya. Shi kuwa ya sha ƙin irin wannan aiki, ko da zai kwana bai samu na cefane ba, don ya san mata da yara ne za su hau.

Nan ɗaya daga cikinmu ya ba shi labarin jiragen shaƙatawa na attajiran Turai da Amurka, waɗanda ake shimfiɗe samansu da wani katako mai suna tik. Asalin icen daga ƙasashen Indiya da Bama da Tailan da Lawos yake. Yana da mai a jikinsa da ke hana ruwa da gara cinsa, ga kuma wani yashi-yashi a cikinsa mai dakushe bakin zarto. Sabo launin zuma gare shi, in ya sha rana sai ya koma ruwan toka. To, masu son ƙyalli sukan yi ta dirza shi da buroshi mai tauri suna gogewa, alhali kowace guga tana rage masa kauri. A kwana a tashi sai kawunan ƙusa su fito, baƙin danƙon da ke tsakanin katakon ya ɗago, ruwa ya sami hanya. Daga nan babu sauran gyara sai a kwashe duka. Sabo kuma ya yi wuya: Bama ta hana fitar da gungumen ice a 2014, bayan juyin mulkin 2021 kuma Amurka da Tarayyar Turai suka sa wa kamfanin katakon gwamnatin ƙasar takunkumi. Shi ya sa waɗansu suka koma ga tik na shuka, waɗansu ga roba mai kama da katako, waɗansu kuma ga loko, wato icen nan na dazuzzukan kudancin ƙasarmu.

Dattijon ya yi dariya ya ce, ashe mai kuɗi da talaka ciwonsu ɗaya, sai dai wancan kyau yake nema, wannan kuwa rai yake tsaro. Amma da ya ji maganar loko sai fuskarsa ta sauya. Ya ce a dā, da babban gungumen maɗaci ake fafe jirgi sukutum. Yanzu irin waɗannan itatuwa sun yi nisa, sai katakon da manyan motoci suke kawowa daga kudu, kuma kullum kuɗinsa hawa yake yi. Wanda ya kasa sayen mai kyau sai ya sayi farin katako mai arha, wanda ba ya jimirin ruwa. Muka gaya masa ba a nan kaɗai ba ne: maɗobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya take sa ido kan cinikinsu a 2016, maɗaci da kawo kuma suka biyo baya a 2022.

Da rana ta take muka yi masa godiya muka kamo hanyar gida. A hanya wani yaro ya tambaye mu, in Baba ya gaji wa zai riƙa sauraron katako? Ba mu ba shi amsa ba, domin a cikin su duka babu wanda ya taɓa riƙe gizago.

'Yan'uwa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Muna kira ga masu jirage su kai nasu a duba tun da rani, kada su jira ruwa ya kawo. Fasinja ma in ya ga ana ta kwalfe ruwa tun jirgi bai bar gaɓa ba, to ya sauka, babu kunya a ciki. Iyaye kuma kada mu raina sana'ar hannu. Yaron da yake zuwa makaranta da safe ba abin da zai hana shi zama gefen kafinta ranar hutu. Mu a makarantarmu mun yi niyyar dasa maɗaci a farkon damina mai zuwa. Ba mu ne za mu sassaƙa shi ba, amma mu ma ba mu muka shuka wanda muka hau ba.

Allah ya kiyaye masu hawa ruwa, amin.