Yarinyar da Ta Tsufa a Cikin Zane

A zamanin hayar kaset ɗin bidiyo, finafinan Indiya ne ke cin kasuwa a unguwarmu, na Turawa sai jefi-jefi. A haka yayanmu ya shigo da The Witches na 1990, wanda Nicolas Roeg ya shirya daga littafin Roald Dahl na 1983. Da aka ce na yara ne, manya suka bar mana ɗakin. Turancin ya fi ƙarfinmu, Yaya ke fassarawa, yana ƙara gishiri.

Mayun fim ɗin ba sa hawa tsintsiya. Mata ne 'yan gayu da suka yi taro a wani otal na bakin teku a Ingila, wai ƙungiyar kare yara ce, alhali shirinsu su mayar da yaran ƙasar ɓeraye. Kakar Luke, yaron fim ɗin, ta koya masa alamominsu: sanƙo a ƙarƙashin gashin kanti, safar hannu, ƙafa ba yatsu. Wannan bai zame mana baƙo ba, don da ma an sha gaya mana maye ba shi da ƙaho, da shi ake gaisawa. Manajan otal ɗin kuwa Rowan Atkinson ne, Mista Bin ɗinmu, ganinsa kaɗai ya ɗan sanyaya mana rai.

Inda Anjelica Huston, shugabar mayun, ta ɓare fuskarta, dogon hanci da ƙusumbi suka bayyana, mun kurma ihu, sannan muka roƙi a maido baya. Aikin hannu ne na ma'aikatan Jim Henson, roba da 'yartsana, shi ya sa har yau ya fi na kwamfuta da aka sake a 2020 tayar da tsigar jiki.

Amma abin da ya hana ni barci labarin Erica ne. Mayya ta ɗauke ta, sai ga ta a cikin zanen da ke rataye a bangon gidansu, tana ba agwagi abinci. Shekaru suna tafiya, tana girma a ciki, ta tsufa, wata rana aka duba babu ita. Ga yaron da ya tashi da labarin kamun kurwa, wannan ba wasa ba ne. A namu labaran ko ba komai akan tsare maye a sa shi ya tsallake maras lafiya ya saki kurwar. Erica ba wanda ya tsaya mata, iyayenta kallo kawai suke.

Shi kuwa Luke, mayun sun mayar da shi ɓera; a littafin, yaron ya dawwama a haka. Fim ɗin ya maido shi mutum, abin da ya ɓata wa Dahl rai ƙwarai. Shi dai marubuci ne, yana da hujjarsa, mu kuwa tafi muka yi.