Baƙon jirgi da agogonsa

Duk shekara idan sanyi ya fara shiga Turai, wajen Oktoba zuwa Disamba, wasu manyan jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido sukan gangaro zuwa Afirka ta Kudu. A hanya sukan yada zango a Dakar, Banjul, Takoradi, Tema da Lome, wani lokaci har Kwatano. Wajen Maris da Afrilu kuma su juyo. Mu masu sayar da kayan fata a Arts Centre ta Akra mun san waɗannan watanni kamar yadda manomi ya san damina.

Jirgin yakan shigo Tema da safe, ya tashi da yamma. Daga tashar zuwa tsakiyar Akra kusan kilomita 30 ne, ga cunkoson motoci. A yinin nan guda za a kai baƙin kabarin Kwame Nkrumah, da dandalin Black Star, da Jamestown, wasu har Teshie wurin masu ƙera akwatin gawa mai siffar kifi ko mota. Kafin bas ta tsaya a wurinmu rana ta yi nisa, abin da ya rage musu bai fi rabin awa ba. Kuma ƙa'idar jirgi ita ce yana jiran bas ɗin da ya shirya da kansa, amma wanda ya ɓalle shi kaɗai ya makara, tafiya ake a bar shi. Shi ya sa za ka ga tsohuwa tana riƙe da jakarka, idonta kuwa yana kan agogo.

Mu kuwa cinikin da muka gada na zama ne: a gaisa, a taya, ka ce albarka, a ƙara, a sallama. To wallahi baƙon jirgi da ka ce masa albarka ka juya kai, ya wuce ke nan. Don haka ranar jirgi nakan rubuta farashi da sidi da dala da yuro, in tanadi canji, in fito da ƙananan kaya gaba: walat, jakar hannu, takalma, tumtum da ba a cusa ba don ya naɗu cikin akwati. Fatar da ba ta jemu sosai ba nakan ajiye ta, domin ɗakin jirgi ƙarami ne, wari ba ya ɓuya. Hauren giwa kuwa ko kusa, tun 1989 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Fatar kada da ta mesa ma sai da takarda, in babu kwastan na ƙasarsu su ƙwace.

Bana ɗan yayana ya zo mini da shawarar ya ci bashi ya cika rumfa kafin jirage su fara. Na ce masa, "Yaro, zauna ka ji." Na tuna masa Maris na 2020, da korona ta tsayar da jiragen nan fiye da shekara. Wani maƙwabcin rumfata da ya zuba jarinsa duka a kayan baƙi sai da ya sayar da babur ɗinsa ya biya hayar ɗaki a Nima. Ko ba annoba ma, jirgi yana iya tsallake tasha saboda igiyar ruwa ko matsalar tsaro, babu mai ba ka haƙuri.

'Yan uwa, da ku da iyayen gida masu riƙe mana lissafi, kuɗin makarantar yara da haya da abin aika wa gida a ɗora su kan abokan cinikin kullum. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Abin da jirgi ya kawo a zuba shi adashi ko a ƙara jari. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.