Haya Biyu Nake Biya a Dar es Salam

A watan Janairun 2021 na kama gidan da nake ciki yanzu a unguwar Dar es Salam ta birnin Yamai, kuma kuskurena na farko shi ne watan da na zaɓa. Lokacin ɗari ne, hazo ya rufe gari, kowa yana fitowa da safe a naɗe da rawani. Dillalin da ya goyo ni a babur ya tura ƙofar ɗaki ya ce, "Malam, ka ji iska? Wannan gida ko fanka ba ya so." Na kuwa ji iskar. Abin da ban tambayi kaina ba shi ne, a Janairu ina ne babu iska a Yamai?

Aiki ne ya kawo ni daga Maraɗi. Na yi wata huɗu ina raɓe a ɗakin wani ɗan'uwana a Bukoki, matata da jaririyarmu suna gida suna jira. Duk wanda ya taɓa irin wannan zama ya san cewa gaggawa ce take zaɓa masa gida. Dar es Salam kuwa ta shiga raina tun ranar farko. Tana arewacin birni, layukanta a miƙe suke, masu faɗi, yawancinsu rairayi ne. Ga manyan gidaje masu ƙofofin ƙarfe, kusa da su ga gidajen haya na mutum uku ko huɗu, can kuma ga kangon fili da mai gadi ya kafa bukka da iyalinsa. Akwai kasuwa, akwai masallatai, ga samari 'yan fada suna dafa shayi a bakin titi har dare ya raba. Za ka ji Zabarmanci da Hausa da Faransanci a bakin mai shago guda.

Ga masu karatu na Najeriya, bari in ɗan yi bayani. A Kano ko Katsina kuɗin shekara ake dunƙulewa a ba mai gida. A Yamai wata-wata ake biya. Sai dai kafin a miƙa maka mabuɗi za ka ajiye kuɗin wasu watanni na gaba, da kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna, sannan ka sallami dillali. Ni ciki da falo na kama a kan jika 60, wato sefa dubu 60. Na biya wata biyu na gaba, wata biyu na ajiya, dillali ya karɓi nasa. Ba mu rubuta komai ba. Muka yi musafaha da Alhaji mai gidan, ya ce, "Allah Ya sa ku shiga a sa'a," shi ke nan.

Watan Afrilu ne ya gaya mini gaskiyar gidan. A Yamai, Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 kusan kullum, wasu ranaku ya doshi 45. Wannan kowa ya sani, ni ma ba daga ƙasar ƙanƙara na fito ba. Abin da ban lissafa ba shi ne ginin kansa. Bulon siminti ne siriri, rufin kwano, babu silin, kuma bangon ɗakin kwananmu yamma yake kallo. Daga azahar zuwa magariba rana tana dukansa, shi kuma yana tara zafin kamar tanda. Idan dare ya yi, waje ya ɗan huce, sai bangon ya fara amayar da abin da ya sha. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare in ka dafa shi, sai ka ji kamar bayan tukunyar da aka sauke yanzu. Fanka tana juyawa, amma wuta take kaɗo maka.

Sai na tuna da soron kakana a ƙauye. Ginin ƙasa ne mai kauri, rufin azara da laka, ƙananan tagogi. Da tsakar rana in ka shiga sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. Ba ina cewa kowa ya koma ginin laka ba ne. Wanda ya ga yadda gidajen ƙasa suka riƙa zubewa a damunar 2020 da ta 2024 ba zai ga laifin mai son siminti ba. Amma akwai hanya a tsakani. A nan Yamai, mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokan aikinta sun kammala wasu gidaje da ake kira Niamey 2000 a shekarar 2016, da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka tsara su yadda iska za ta ratsa kuma bango ya yi wa bango inuwa. Ilimin yana nan. Matsalar ita ce, wanda yake gina gidan haya ba shi zai kwana a ciki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to a gidan haya mai ɗakin dabam, mai kwana a ciki dabam.

Daga nan na gane cewa haya biyu nake biya. Ɗaya ga Alhaji, ranar biyar ga wata. Ɗaya ga rana, kullum. Kuɗin wuta yakan ninka a bazara. Na sayi na'urar nan mai sanyaya ɗaki da ruwa, ita kuma tana shan ruwa kamar raƙumi. Ruwan famfo a lokacin zafi sai tsakar dare yake zuwa da ƙarfi, don haka ni da matata muka raba kwana: yau ni zan tashi ƙarfe biyu in cika jarkoki, gobe ita. Ranar da barci ya sace mu duka, sai mu nemi ɗan garuwa. Ga kuɗin ƙanƙara, ga maganin ƙurajen zafi na yarinya. Mitar wuta kuma guda ce ta mu uku, duk ƙarshen wata sai an zauna ana ƙirga fanka da firji da dutsen guga, kowa yana kallon kowa ta wutsiyar ido. Da na haɗa lissafi, hayar rana a wata uku na bazara ta kusa rabin ta Alhaji.

Duk da haka shekarar farko da sauƙi, domin akwai wani tsohon bedi, wanda a Kano ake kira darbejiya, a kusurwar gidan. Yakan tare wa rabin bangonmu ranar la'asar. Ƙarƙashinsa Inna take shimfiɗa tabarma, wata dattijuwa Bazabarma da ta riga mu zama a gidan da shekaru. A shekara ta biyu na dawo daga aiki na tarar an sare shi, magina suna auna wurin da igiya. Shago za a fitar ta bakin titi.

Na sami Alhaji a rumfarsa ta kasuwar Katako. Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, da kun bar mana iccen nan. Shi ne rufin asirinmu da rana."

Ya dube ni ba tare da fushi ba, ya ce, "Malam, iccen nan nawa yake biya a wata?"

Na yi shiru.

Ya ce, "Shago jika 25 ne. Ni ba ma'aikaci ba ne, ba ni da fansho. Gidan nan shi ne fanshona, kuma baki goma sha ɗaya ke ci a hannuna."

Na fito ina jin haushi, amma ban iya kiransa azzalumi ba. Lissafinsa daidai ne, illa dai inuwa ba ta shiga littafinsa, tunda ba a jikinsa zafin yake sauka ba. Kuma ba shi kaɗai yake wannan lissafi ba, birnin gaba ɗaya haka yake yi. Tun daga 1965 aka fara dasa wani dogon zobe na itatuwa, akasari bedi, a gefen Yamai don ya tare ƙura da iskar hamada. Mutane suna ƙaruwa, ƙidayar 2012 ta nuna birnin ya haura mutum miliyan ɗaya, kowa kuma yana son fili. Yau wurare da dama na wannan zobe sun koma filaye da gidaje da juji. Abin da aka yi wa bedinmu, shi aka yi wa na gari.

Da damina ta faɗi, matata ta dawo daga kasuwa da ɗan dashen bedi a baƙar leda. Ta sa yaran maƙwabta suka haƙa rami a wajen bangonmu na yamma. Na ce, "Ke kuwa, za ki dasa icce a gidan wani? Gobe in ya ce mu tashi fa?"

Ta ce, "Baban Hadiza, gidan na wani ne. To zafin da muke sha, shi ma na wani ne?"

Inna tana gefe tana dariya. Ita ce ta tattaro ragowar bulon shagon ta kewaye dashen saboda awaki. Daga ranar ruwan alwala da na ɗaurayar kwanoni duk can ake kai shi.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumin da ya biyo baya. A farkon Agusta Najeriya ta katse wutar da take turowa ta layin Birnin Kebbi, wadda a lokacin ita ce kaso mafi tsoka na abin da Nijar take amfani da shi. Aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa, har sai bayan da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. A waɗannan watanni na fahimci cewa gidan da sai da fanka ake iya zama a cikinsa, rabin gida ne. Shawarar da wasu suka yanke a Abuja ta iso har kan katifata.

Azumin 2024 ya faɗo a Maris da Afrilu, daidai lokacin da wani matsanancin zafi ya rufe yankin Sahel, har garin Kayes na Mali ya haura digiri 48. Wani dare Hadiza ta tashi jikinta rau, ta yi laushi, ko kuka ba ta iya yi sosai. Muka kwasa sai wani ƙaramin asibiti. Aka ce ruwan jikinta ne ya ƙone, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Ina zaune a benci har asuba, abu ɗaya nake juyawa: shekara uku ina cewa gidan ba nawa ba ne, don haka ba zan kashe masa ko dala ba, alhali ga abin da zaman cikinsa ya jawo.

Bayan salla na koma wurin Alhaji, wannan karon da takarda a hannu. Na ce zan saka silin, in shafe bangon yamma da farin fenti, in kafa rumfar zana a jikinsa, in kuma nemi mitata ni kaɗai. Rabin kuɗin a riƙa cirewa daga haya. Ya sa ɗansa ya karanta masa, ya yi tunani, ya ce, "Na yarda, amma ranar da za ku tashi ba za ku ɓalle komai ba." Muka sa hannu, Inna da mai shago suka zama shaidu. Ita ce takarda ta farko tsakaninmu. Ɗakin bai koma soron kakana ba, amma yanzu ana iya kwana a ciki. Da shekara ta zagayo Alhaji ya ƙara mini jika 5, wai ai gidan ya gyaru. Na biya, ina dariyar takaici.

Don haka ga mai neman haya a Yamai, ko Sakkwato, ko duk garin da rana take da iko, ga abin da na saya da tsada. Ka je duba gida a bazara, tsakanin azahar da la'asar. Ka dafa bangon yamma da tafin hannunka. Ka ɗaga kai ka ga ko akwai silin. Ka bar dillali a ƙofa, ka tambayi matan gidan ƙarfe nawa famfo yake kawo ruwa. Ka tambayi mutum nawa ne a kan mita. Kuma duk abin da kuka yi da mai gida, ku rubuta. Masu gina gidajen haya kuma, don Allah kafin a zuba harsashi a dubi inda rana take faɗuwa, a bar icce ko da guda ne. Ɗan hayan da yake samun barci ba ya saurin tashi.

Bedin matata yanzu ya wuce tsayin katanga. Inuwarsa ba ta kai ta tsohon ba, amma da la'asar tana rufe tagarmu, Inna kuma ta dawo da tabarmarta. Ina tara kuɗin fili a bayan gari, kuma na san wata rana za mu kwashe kayanmu mu bar shi a nan. Kwanan baya Alhaji ya zo karɓar haya da zafin rana, ya wuce kujerar da na ajiye masa a falo, ya jingina babur ɗinsa a gindin iccen ya zauna. Matata ta kawo masa ruwa. Ya sha, ya ɗaga kai ya dubi rassan, ya ce, "Wannan kam kada a bari awaki su taɓa shi."