Ranar Kai Yaro Jami'a: Abin da Dattijon Unguwar Kanawa Ya Koya

Da zarar jami'o'i sun saki sunayen waɗanda suka samu gurbi, Kasuwar Barci da Kasuwar Sheikh Gumi ne ke fara shaida a Kaduna. Iyaye mata na tayin katifa, bokiti, risho da gidan sauro. A gida ana tuyar ƙuli-ƙuli, ana dakan yaji, ana auna garin kwaki. Wani dattijo a Unguwar Kanawa, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya kai 'ya'ya da jikoki manyan makarantu, yana sa wa wannan hidima albarka, amma ya fi damuwa da hannun da zai riƙe fayil ɗin takardu.

Shi a Samaru ya yi karatu, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Mahaifinsa a tashar Kawo ya tsaya, ya yi masa addu'a, ya ce ya riƙe sallah, ya juya. Akwatin ƙarfe ɗaya ya isa, domin a lokacin makaranta ke ciyarwa da tikiti, jiha kuma na ba da tallafin karatu. Yana can a watan Afrilun 1978, shekarar da aka kafa JAMB, lokacin da ƙarin kuɗin abinci ya tayar da zanga-zangar ɗalibai a faɗin ƙasa, har aka rasa rayuka a Zariya. Tun daga nan ya san cewa kuɗin ci da kwana ba ƙaramar magana ba ce a rayuwar ɗalibi.

Da nasa ɗan fari ya samu gurbi, tausayi ya sa ya yi abin da ba a yi masa ba. Shi ya bi layin banki, shi ya cike fom, shi ya zagaya ofis-ofis, yaron na biye da shi hannu a aljihu. Shekara na zagayowa aiki ya riƙe uban, yaron kuwa bai san ƙofar jami'in rijistar sashensu ba, saura kaɗan zango guda ya wuce shi. Daga kan wannan ɗan dattijon ya canja. Duk wanda zai tafi, a tabarma ake zama da shi, ya jera takardunsa da kansa: sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB, shaidar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, hotuna. Ya yi kwafi, ya ajiye na asali daban. Tsarin ma yanzu haka yake so, tunda ɗalibi ne ke shiga shafin CAPS na JAMB ya amshi gurbinsa. Abin da ke ɓata wa dattijon rai shi ne uban da zai bar wa mai shagon kwamfuta lambar sirrin yaronsa, ya yi tafiyarsa.

Taron wayar da kan sababbin ɗalibai kuwa, ba ya yarda a tsallake shi. Can ake nuna asibitin makaranta da laburare, a bayyana yadda ake lissafin maki, a faɗi laifin da ke jawo kora.

Mutanen arewacin kogin Kaduna suna da wata ni'ima mai ruɗarwa: makarantu a bakin ƙofa. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004 zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, tana kan titin Tafawa Balewa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da ta samo asali tun 1956, tana Tudun Wada da Unguwar Rimi. Yarinya sai ta hau Keke Napep daga Malali ko Badarawa, ta dawo kafin magariba. Bayan sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris na 2021, iyaye da yawa sun fi son hakan, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai dattijon ya lura cewa mai kwana a gida ba a ɗaukarsa ɗalibi. A aike shi cefane yana da lacca, a tashe ta girki tana da jarrabawa. A gidansa ya ware ɗaki da fitila mai caji, ya kuma hana aike a makon jarrabawa. Da uwargida aka fara ja, daga baya ita ta zama mai gadin dokar.

Batun kuɗi, lissafin shekara huɗu yake yi, ya ɗora ta biyar. Dalilinsa a fili yake. A 2021 kuɗin jami'ar jihar ya yi tsalle zuwa naira 150,000, kafin Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa 105,000 a 2023. Yajin aikin ASUU na 2022 kuma ya zaunar da ɗaliban jami'o'in tarayya wata takwas, kuɗin hayar ɗaki na ta tafiya a banza.

Shi ya sa yanzu, kafin a je sayen katifa, yakan tura jikansa banki ya buɗe asusu da sunansa. Rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ba shi da ruwa, amma ɗalibi ne ke nema da kansa, da lambarsa ta JAMB da NIN da BVN, kuɗin kashewa na wata-wata kuma cikin asusunsa suke faɗawa.